Giya Marar Ƙarfi: Ko Mai Bi Zai Ɗanɗana?

A shekarar 2009 kamfanin BrewDog na Sikotilan ya fito da giya mai suna Nanny State. An cika ta da furen hop, mai ba giyar Turawa ɗaci da ƙamshi, amma abin sa maye a cikinta yanzu kashi 0.5 ne cikin 100, alhali giyar kwalba tana da kusan kashi 5. Mai ɗanɗanawa yakan ji ɗacin a harshe, hankalinsa kuwa yana nan daram.

To, in babu maye, ina laifin? A Romawa sura 14, Manzo Bulus bai tsaya ga abin da ke cikin ƙoƙo ba, ya dubi ɗan'uwan da ke kallo. A ce dattijon ikkilisiya ne riƙe da wannan kwalba. Saurayin da ya rabu da gidan burukutu da ƙyar ba zai karanta rubutun jikinta ba. Kwalba zai gani a hannun dattijo, ya koma gidan jiya.

Lamirin mai bi yana iya yardar masa. Amma 'yancin da zai sa ɗan'uwa tuntuɓe, ƙauna takan ajiye shi.