Saman gidanka, na wane ne?

Tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996 fili ke ƙara tsada, wanda ya rasa wurin faɗaɗawa ta gefe kuwa sai ya ɗaga kai sama. Mun saba ganin benaye a titin Jos da titin Makurɗi. Yanzu abin ya shigo lungunanmu: a rushe zaure, a jera shaguna a ƙasa, a ɗora ɗakunan haya a kai.

Ba ma ƙin bene. Magidanci mai 'ya'ya goma a fili ɗaya, ina zai kai su? Zauren ƙasan nan ma da muke yabo, mai yabon ba shi ke biyan kuɗin yaɓe duk damina ba.

Amma gidan Bahaushe a buɗe yake ta sama. A tsakar gida ake girki, a yi wanki, a yi kitso, a sha iska babu mayafi. Wani gidan ko banɗakin ba rufi. Katanga da zaure su ne suturar gidan. Ranar da maƙwabci ya buɗe taga a hawa na biyu, bai ci ko taku ɗaya na filinka ba, amma ya ƙwace maka rabin gida. Uwargida ta koma tuƙa tuwo da hijabi, a zafin Maris na Lafiya!

Mai bene zai ce, "Filina ne, kuɗina ne, ga takardar izini." Gaskiyarsa. Sai dai takarda ƙafa nawa aka ja baya daga titi take aunawa, ba inda idon ɗan haya zai sauka ba.

Rigimar tsohuwa ce. Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, littafi guda ya rubuta a kan irinta. Malaman Malikiyya ba su hana mutum ɗaga gininsa ba, leƙe suka hana. Har ma'auni suka ruwaito daga Sayyidina Umar: a sa gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci, a toshe ta.

Tagar da aka ɗaga sama da kai tana shigo da iska da haske, ba ta kai ido gidan kowa. Kuɗinta bulo kaɗan ne in an zauna da maƙwabta kafin magini ya kai wurin. In ya wuce, sai zaman gaban mai unguwa, sai gaba tsakanin gidajen da kakanninsu suka sauka garin nan tare.