ARAHA DA AMANA A TAFIYAR JIRGIN SAMA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam tudu da teku da sararin samaniya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala wadda kakanni ba su san ta ba, amma yau ta zama ruwan dare. Mutum ya ƙudura niyyar Umra, ko zai kai mahaifinsa asibiti a Alƙahira ko Indiya, ko zai tura ɗansa karatu Malesiya, ko kuwa fatauci zai kai shi ƙasar Sin. In ya je wurin dillalin tikiti sai a shimfiɗa masa farashi biyu ko uku, wani ya ɗara wani da kuɗi masu kauri. Wannan jirgi zai miƙe kai tsaye, wancan kuwa sai ya ya da zango a Adis Ababa ko Istambul ko Dubai. To, wanne ya kamata Musulmi ya ɗauka? Wanda ya bi araha tattali ya yi ko rowa? Wanda ya bi tsada tsantseni ya yi ko almubazzaranci?

Shari'a ba ta yanke wa tikiti farashi ba, amma ta ajiye ma'auni. A Suratul Furƙani, aya ta 67, an yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tana tsakanin ɓarna da ƙwauro. A Suratul Baƙara kuma, aya ta 195, an hana mutum jefa kansa cikin halaka. Idan aka haɗa ayoyin nan biyu za a ga cewa araha ba laifi ba ce, tsada kuma ba garkuwa ba ce. Abin da ya wajaba matafiyi ya tambaya shi ne: me aka rage har kuɗin ya sauko? Domin babu kamfanin da ke tashi sama saboda sadaka. Duk ragin da aka yi wa fasinja, daga wani wuri aka yanko shi. Abin da ake yankowa kuwa iri uku ne, kowane da hukuncinsa.

Na farko shi ne abin da ya shafi jin daɗi kawai, kamar faɗin kujera, da abinci iri-iri, da ɗakin hutawa na manya a filin jirgi. Akwai kamfanoni masu araha da ke samun ribarsu ta hanyar ƙara yawan kujeru, da sayar da abinci dabam, da riƙe jirage iri ɗaya don sauƙin gyara, alhali ba su wasa da lafiyar injinsu. Saurayi mai ƙarfi a jika, in ya haƙura da matsin kujera ya ajiye rarar kuɗin ga iyalinsa ko guzurinsa, lalle ya yi tattali abin yabo. Ya tuna cewa alhazan dā sukan bi ta ƙasar Cadi da Darfur har Sawakin, a ƙasa ko bisa jaki, wasu su shekara a hanya, wasu su shekara biyar, wasu ma ƙasa ta rufe su a can. Yau daga Kano zuwa Jidda kimanin awa biyar ce. Wanda kuwa ya ci bashi don ya zauna a kujerar gaba mutane su gan shi, ya tara wa kansa nauyi biyu: bashi da riya. Bai kuma sayi ƙarin tsira ba, gama kujerar gaba da ta baya tare suke tashi, tare suke sauka.

Na biyu shi ne abin da aka ɓoye cikin sharuɗɗan ciniki, kuma a nan ne maganar Hausawa ta araha ba ta ado take tabbata. Akwai tikitin da babu kuɗin kaya a cikinsa, sai mutum ya isa gaban sikeli a ce ya biya. Akwai wanda in aka fasa tafiya ko sisi ba ya dawowa. Akwai kuma wanda dillali ya harhaɗa daga kamfanoni biyu da babu yarjejeniya tsakaninsu, ta yadda in jirgin farko ya makara, na biyu ya tashi, babu mai ɗaukar nauyin fasinja. Sai ya kwana a ƙasar da ba ya jin harshenta, wataƙila ma ba shi da bizar fita filin jirginta, ya sayi sabon tikiti da kuɗin da ya ninka ragin da ya samu. Garin neman ƙiba ya samo rama ke nan.

Sayen tikiti a wurin malaman fiƙihu haya ce, haya kuwa ba ta inganta sai an san abin da aka biya da abin da za a samu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, watau wanda ƙarshensa ke a lulluɓe. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ya taɓa cusa hannunsa cikin tsibin abincin sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai abincin don bai bayyana jiƙaƙƙen a sama ba, ya kuma barranta daga mai algus. Dillalin da ya nuna ƙaramin farashi ya ɓoye sharuɗɗan da ke ƙarƙashinsa, shi da mai tsibin nan sana'arsu ɗaya. A littafin Risala na Ibnu Abi Zaid an bayyana cewa mai jirgin ruwa bai cancanci kuɗin haya ba sai ya isar, kuma wanda ya yi hayar wata dabba ayyananniya ta mutu a hanya, hayar ta warware a abin da ya rage na tafiyar. Ma'anar wannan ita ce abin da fasinja ya saya shi ne isa, ba takarda ba. Dokar zamani ma ta bi wannan hanya, domin Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1999, wadda Nijeriya ke cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin ɓatan kaya da jinkiri da raunin fasinja a tafiyar ƙasa da ƙasa.

Cikin wannan kashi ne kuma lafiyar jiki da ibada suke shiga. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa zama wuri guda fiye da awa huɗu a tafiya yana ninka hatsarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Saboda haka hanyar da saurayi zai iya jurewa, mai yada zango na rabin yini a kan benci, ba lalle tsoho mai ciwon suga ko mace mai juna biyu su jure ta ba. Ɗan da ya saya wa mahaifiyarsa irin wannan tikiti alhali yana da halin wanda ya fi shi, ya binciki zuciyarsa ya ga ko birrul walidaini ke nan. Game da ibada kuwa, Shehu Halil a Muhtasar ya daidaita hanyar teku da ta tudu wajen wajabcin Hajji, sai dai in halaka ce ta fi yawa a tekun, ko mutum zai tozarta wani rukuni na salla saboda jiri. Ashe tun dā malamai sun sa salla cikin lissafin zaɓen abin hawa. Mai niyyar Umra ya sani cewa sauya hanya na sauya mikati. Wanda ya biyo ta Alƙahira zai daidaita da Juhufa, wanda ya zagayo ta Dubai kuwa da Ƙarnul Manazili, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a ƙetare mikati ba tare da harami ba. Sai ya tambaya tun a gida ko jirgin yana sanar da mikati, ko abincinsa halal ne.

Na uku, wanda ya fi kowane girma, shi ne abin da aka rage daga kula da jirgin kansa. Mutanen ƙasar nan ba su manta da ranar 22 ga Janairu, 1973 ba, sa'ad da jirgin alhazai ya kama da wuta wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Amma wanda bincikensa ya fi ba da darasi a wannan babi shi ne na ranar 11 ga Yuli, 1991. Jirgi ne samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda aka yi hayarsa da sunan Nigeria Airways don kwaso alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna cewa biyu daga tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma masu gyara sun san haka. Aka nemi iskar naitirojin da ake hura musu ba a samu nan take ba, wanda ke kula da aikin jigilar kuwa bai yarda a yi jinkiri ba. An kuma gano cewa an sauya alƙaluman awon tayoyi a takardun gyara. Jirgi na gudu zai tashi sai tayoyi suka fashe, ƙarfe ya gogi kwalta, wuta ta kama. Da aka naɗe ƙafafun jirgin sai wutar ta shige cikinsa. Matuƙi ya juyo zai sauka, bai kai ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi Hajjinsu.

Alhazan nan ba su da laifi, gama ba su suka zaɓi jirgin ba. Abin da aka yi ƙoƙarin cetowa a ranar shi ne ɗan lokaci da ɗan kuɗi, abin da aka rasa kuwa babu mai iya biyansa. Irin wannan ragi haramun ne ga mai yin sa, haramun ne kuma ga wanda ya sani ya miƙa kansa ko iyalinsa gare shi.

Wani zai ce ai ajali in ya yi kira ko a kan gado sai an tafi. Gaskiya ne, imani da ƙaddara rukuni ne. Amma Sayyidina Umar ya fi kowa a yau imani da ƙaddara, duk da haka da ya isa Sarga a hanyarsa ta zuwa Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai kora. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah ya umurci wani mutum ya ɗaure taguwarsa sa'an nan ya dogara ga Allah. A tafiyar Hijira ma, Sayyidina Abubakar ya yi wata huɗu yana kiwon raƙuma biyu don su iya hanya, suka kuma ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ja-gora, alhali bai musulunta ba, saboda gwanintarsa da amanarsa. Ƙarfi da amana su ne siffofin nan biyu da Suratul Ƙasasi, aya ta 26, ta ambata ga wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki.

To, ina talaka zai san lafiyar tayar jirgi? Allah bai kallafa masa abin da ba ya iyawa ba, amma Ya umurce shi da tambayar masana. Tun 2003 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, watau IATA, ta fito da tsarin binciken ingancin aikin kamfanoni, kuma sunayen waɗanda suka ci binciken suna nan a intanet. Tun 2006 Tarayyar Turai take wallafa sunayen kamfanonin da ta hana shiga sararin samaniyarta. A shekarar 2006 ɗin ne kuma aka kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa a Nijeriya, wadda ke ba kamfanonin Hajji da Umra lasisi. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗansa ya duba masa. Ya nemi a rubuta masa nauyin kaya, da tsawon zango, da hukuncin fasa tafiya, kafin ya miƙa kuɗi. Kada kuma tsoro ya hana kowa tafiya, domin jirgin sama na cikin hanyoyin sufuri mafiya aminci, kuma hukunci yana bin abin da ya yi galaba ne.

Nauyi mafi girma yana wuyan waɗanda ke zaɓa wa jama'a, watau jami'an hukumomin alhazai, da masu kamfanonin Umra, da injiniyoyin da ke sa hannu a takardar gyara. Kowannensu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Wanda ya ba da kwangilar jigila ga mafi araha bai duba tarihinsa ba, ko don wani abu da aka sa masa a aljihu, ya shirya amsar da zai ba Allah game da tsohuwar da ta sayar da shanunta ta miƙa masa ranta amana.

Matafiyi dai ya rage jin daɗi yadda ya so, ya karanta sharuɗɗa da idon basira, amma kada ya yi ciniki da ransa ko sallarsa. In ya gama bincikensa ya yi istihara, ya rubuta wasiyyarsa, ya biya basussukansa, ya karanta addu'ar hawa wadda ke cikin Suratuz Zuhrufi, sa'an nan ya zauna da natsuwa, gama ya ɗaure taguwarsa.

Allah Ya kai matafiyan Musulmi lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.