Wa Zai Wanke Baba?

A gidaje da yawa akwai wani ɗaki na can ƙurya wanda baƙo ba ya shiga. A cikinsa tsoho ya ke kwance, ko tsohuwa, zawo ya sa shi gaba. Yau da sauƙi, gobe ya dawo. Wani lokaci kafin ya kai masai abin ya riga ya zubo. Mutumin da a dā idan ya yi gyaran murya gida duka ya kan yi tsit, ga shi yanzu yana tura wandonsa ƙarƙashin tabarma don kada jikoki su gani. 'Ya'yansa sun sani, shi ma ya san sun sani, amma ba mai buɗe baki, domin kunya.

Kunya abu ne mai kyau. Ita ke hana ɗa kiran sunan ubansa, ita ke sa matar ɗa ta durƙusa ta kau da kai in surukinta zai wuce. Amma tambayar da irin wannan gida ya ke fuskanta mai wuya ce. Idan girmama uba shi ne kada a ga tsiraicinsa, to, wa zai wanke shi ran da ya kasa wanke kansa? Ɗan da ya tsaya a bakin ƙofa saboda kunya, girmama uban ya yi, ko gudunsa?

Masu tsayawa a bakin ƙofa su kan kafa hujja da labarin Nuhu a Littafin Farawa sura 9, inda Ham ya ga tsiraicin ubansa, abin ya zama la'ana. Sai dai wanda ya karanta labarin a natse zai ga Ham ya gani, ya bar uban yadda ya same shi, ya fita ya kai wa 'yan'uwansa labari. Shem da Yafet kuwa sun shiga, da baya da baya, sun rufe shi da mayafi. Waɗanda a ka sa wa albarka su ne waɗanda su ka yi aikin, su ka kuma kare mutuncin tsohon a cikin yinsa. Ashe kunyar kirki ba ta hana shiga ɗakin, yadda za a shiga ta ke koyarwa.

Wani kuma ya kan ce ƙazanta ce. Gaskiya ne kashi yana ɗauke da cuta, dole a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Amma a Bisharar Markus sura 7 Yesu ya koyar cewa abin da ya bi ta ciki ya fita zuwa masai ba ya ƙazantar da mutum a gaban Allah, abin da ke fitowa daga zuciya ne ke ƙazantarwa. A wannan sura ɗin kuma ya tsauta wa waɗanda ke fakewa da baiko ga Allah don su ƙi taimakon iyayensu. Saboda haka ɓataccen zanen tsohuwa ruwa da sabulu sun ishe shi. Tsakin da ɗiyarta ta ja a gabanta, da toshe hancin da ta yi, shi ne tabon da ya fi wuyar fita.

Ƙauna kuwa tana bukatar sani, gama shirun kunya ya kan kashe. Tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa kamar matasa ba, jikinsu kuma yana saurin bushewa. Tsoho da yawa ya kan rage shan ruwa da gangan don kada ya ɓata shimfiɗa, iyalin kuma su bar shi, suna tsammani ruwan ne ke ƙara zawon. Wannan kuskure ne mai haɗari. Abin da ya fita dole a mayar da shi. A samo ƙunshin gishiri da sukari da a ke bayarwa a likita, a dama shi cikin lita 1 na ruwa mai tsabta. In babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe, da rabin cokalin gishiri cikin lita 1. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, wanda ya wuce awa 24 a zubar a dama sabo. Kada a hana shi abinci: kunu, shinkafa mai laushi da ayaba su kan zauna a ciki. Idan an lura nono ko madara na tayar masa da ciki, a janye su a gani.

Zawon da ke yawan dawowa yana da dalili, kuma ba tsufa kaɗai ba ne. Yana iya zama ruwan rijiya ko na tabki, musamman da damina. Yana iya zama atini. Yana iya zama maganin da tsohon ke sha, kamar na kashe ƙwayoyin cuta, ko Metformin na ciwon sukari. A faɗa wa likita, kada a daina sha da ka. Wani lokaci ma cikin ne ya bushe, kashi ya taurare ya toshe hanya, sai ruwa-ruwa ya riƙa zagayowa ta gefe. Wanda ya sayi maganin tsayar da zawo a teburin kasuwa ya ba irin wannan tsoho, ya ƙara masa wahala. Haka nan ba a ba da wannan magani in akwai jini ko zazzaɓi. Jini a kashi, ko kashi baƙi ƙirin, zazzaɓi, amai mai hana shan ruwa, fitsari kaɗan, rikicewar hankali, rama, ko zawon da ya wuce mako 2, duk waɗannan na asibiti ne ba tare da jinkiri ba, domin har sankarar hanji ta kan fara da irin wannan canji. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Mutuncin tsoho yana cikin ƙananan abubuwa. A ajiye fo kusa da shimfiɗa, da fitila da dare. A sa leda ƙarƙashin zane. A kori yara, a saki labule, a rufe masa jiki sai wurin da a ke wankewa. A wanke da ruwan ɗumi, a tsane sosai, a shafa man kaɗe don kada fata ta saɓule. Abin da zai iya yi da kansa a bar shi ya yi. Wanda ya ce, "Baba, ba kome, kai ma ka yi mini," ya ba shi abin da babu a kantin magani. Abin da a ka gani a ɗakin kuma ya tsaya a ɗakin, kada ya kai bakin rijiya.

Saura maganar adalci. Sau da yawa nauyin duka ya kan faɗa kan mace ɗaya, matar ɗa ko autar gida, ita ce wanki, ita ce tashin dare, maza kuwa suna zaune a zaure suna tambayar yaya jikin Baba. Wanda ke Yamai ko Kano ya aiko kuɗi ya ga ya gama nasa. Dokar girmama uba da uwa a Fitowa sura 20 ba ta ware 'ya'ya mata ba. In al'ada ta ce bai kamata matar ɗa ta ga tsiraicin surukinta ba, to, al'adar da kanta ta miƙa wa ɗan butar ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa su raba kwanaki, na nesa ya zo ya karɓi nasa rabon, zumuntar mata da dattawan ikilisiya su kawo sabulu, su zauna da maras lafiya yini ɗaya mai jinya ta yi barci. Gajiya ba zunubi ba ce, amma mai jinyar da a ka bari ita kaɗai wata rana za ta faɗi maganar da za ta yi ta nadama a kanta.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uwar da ke kwance a ɗakin ƙurya ta wanke kashin 'ya'yanta shekara da shekaru ba ta ƙirga ba. Jikokinta kuma suna tsaye a tsakar gida suna kallon wanda ke shiga da buta da wanda ke wucewa da sauri. Daga abin da su ke gani yau za su koyi yadda za su yi da nasu iyayen.