Ƙaddara a Bakin Wa?

Garin Dayi, a ƙaramar hukumar Malumfashi, yana zaune ne inda hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo ta haɗu da wadda ta fito daga Funtuwa ta nufi Yashe da Katsina. Da kaka ta kama, manyan motoci ke bin hanyoyin nan dare da rana, maƙare da buhunan masara da dawa da waken suya, mutane a zaune bisa kayan suna riƙe da igiya. In mota ta mutu a tsakiyar titi, yaron mota ya karyo ganye ya jera a kwalta, iyakar alamar da mai tahowa cikin duhu zai gani ke nan. Idan kuwa aka yi karo, abin da ke fita daga bakin kowa shi ne ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Maganar gaskiya ce, don yarda da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi tana cikin rukunan imani shida. Sai dai a ganina, maganar da ta dace da bakin uwar da aka kawo wa gawar ɗanta ba ta wanke wanda aka damƙa wa amanar hanyar.

Shari'a da kanta ta raba abubuwan nan biyu. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, alhali babu mai shakkar cewa mamacin ajalinsa ne ya zo. Da ƙaddara tana sauke alhaki, da ba a ce a biya ko kwabo ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun ce wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba, shi zai ɗauki lamunin abin da ya faɗa ciki, ko da yana kwance a ɗakinsa lokacin da abin ya auku. Sayyidina Umar ma, da ya isa Sarga aka shaida masa annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da mutanensa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take.

Ƙasar Katsina tana da tata hujjar a gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, a ciki ya lissafa gyaran hanyoyi da kasuwanni da gina gadoji cikin abubuwan da ke wuyan mai mulki. Malamin da ya san babin ƙaddara ciki da waje bai ga wani karo tsakanin tawakkali da gyaran gada ba.

Za a ce ai titin Kano zuwa Dayi na gwamnatin tarayya ne, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da hurumin zuba masa kwalta, kuɗinsa ma a hannun jiha suke maƙalewa. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Amma Allah ba ya tambayar bawa sai gwargwadon ikonsa, kuma ikon nan ba kaɗan ba ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma tashoshin mota da kasuwanni da magudanan ruwa da fitilun titi da hanyoyin cikin gari. Ita ke da ikon janye masu tebur da 'yan talla daga gefen kwalta ta ba su fili, ta ware wa manyan motoci wurin lodi, ta yashe kwalbati kafin ruwan Agusta ya ci gindin titi. Hukumar da ke yanka wa direba rasit a tasha ta riga ta amsa cewa tashar tata ce.

Ƙalubalen da ya fi nauyi na masu tsoron Allah ne, waɗanda ke ganin binciken musabbabin haɗari kamar jayayya ne da hukuncin Ubangiji, har su kawo hadisin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa, inda Adamu ya yi rinjaye da hujjar ƙaddara. Malamai irin su Ibnu Taimiyya sun yi bayanin cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta wuce, domin zuciya ta samu sanyi, ba a kan laifin da mutum ke ci gaba da aikatawa ba. Wanda ya rasu jiya ya tafi, ba abin da ya rage sai addu'a da haƙuri. Ramin da ya kayar da motarsa kuwa yana nan a buɗe da safiyar yau, kuma kansilan mazaɓar zai bi ta gefensa a kan hanyarsa ta zuwa gaisuwar mutuwar.