Gwamna Ya Ce a Sayi Bindiga, To Sai Me?

'Yar uwa, tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna kora shanu suna ɗauke mata, hirar mazajenmu a majalisa ta koma ɗaya: a sayi bindiga ko kar a saya? Wasu har cewa suke, ai gwamnoni ma sun taɓa cewa a saya. To ni a kan wannan "gwamnoni sun ce" ɗin nake son mu tattauna.

Mu duba maƙwabtanmu. Aminu Bello Masari yana gwamnan Katsina ya yi sulhu da 'yan daji a 2016, ya sake yi a 2019, har aka ɗauke shi hoto da wani yana rataye da bindiga. Da aka shiga 2021, shi ɗin ne dai ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A Zamfara, Bello Matawalle ya fara da sulhu a 2019, ya ce ba sauran sulhu a 2021, sannan a watan Yuni na 2022 gwamnatinsa ta ce kowa ya nemi lasisin bindiga. Ba a jima ba babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, ƙanana kuma sai na Sufeto Janar na 'yan sanda. Kin ga ke nan wanda ya saya don gwamna ya ce, ranar kamu shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali.

Ni ban ce canza ra'ayi laifi ba ne. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma wanda ya gwada sulhu ya ga bai yi ba yana da damar neman wata hanya. Abin da nake auna shugaba da shi biyu ne. Ya fito ya faɗi dalilinsa? In kuma maganar ta ɓaci, wa zai ɗauki asarar, shi ko mu? Su biyun nan sun sauka a 2023. Bindigar da aka saya da maganarsu kuwa ba ta da wa'adi.

Ba na zargin magidancin da tsoro ya hana barci. Wanda aka ɗauke wa mata da goyo a baya, wa zai ce masa ya naɗe hannu? Amma ki tuna yadda muke zaune daga Bichi zuwa Dambatta: gona na jikin gona, gida na jikin gida. Rigimar iyaka da ta gado ba sa ƙarewa. Faɗan da jiya ya tsaya a cacar baki har dagaci ya sasanta, yaya zai ƙare in akwai bindiga a ƙarƙashin gado? Kuma maigida yana gona, ke ce a gida da yara masu bincike.

Don haka in maigida ya zo da zancen sayar da buhunan gero ko ɗan maraƙi saboda bindiga, kar ki yi shiru, kar kuma ki yi faɗa. Ki tambaye shi cikin ladabi: "Malam, akwai takarda? Ina za a ajiye ta? In aka kama ka, wa zai ciyar da mu?" In ya ce ai gwamna ne ya ce, ki tambaye shi wane gwamna, kuma a wace shekara.

Allah ya zaunar da mu lafiya, ya tsare mana gidajenmu. Amin.