Alƙalami Mai Tsada: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

A kowane shagon unguwa a Yamai ko Maraɗi, da dala ashirin za ka sayi bik ka rubuta abin da ka ga dama. A kantunan Turai da Japan kuwa akwai alƙaluman da ake sayarwa yuro dubu, wasu ma sun ninka haka sau goma. Yuro dubu a kuɗinmu ya haura jika 650, wato kuɗin bik fiye da 6,500, ko albashin wata 15 da ɗoriya na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi a Nijar, jika 42. Duk wanda ya ji wannan lissafi, kalmar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce almubazzaranci, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Amma ni da ba na shiga ɗakin watsa shirye-shirye sai na zauna na tsara maganata a takarda, ina ganin ya kamata a bi tambayar a hankali. Idan mutum ya biya wannan kuɗi, me ya saya? Kuma a aljihun wa kuɗin ya faɗa?

Mu fara da aikin da aka yi alƙalami dominsa. Wani ɗan jarida ɗan ƙasar Hangari, László Bíró, ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki a 1938, kuma daga sunansa ne ƴan'uwanmu na Najeriya suka samo kalmar biro. Marcel Bich na Faransa ya ɗora a kan wannan fasaha, ya fito da Bic Cristal a 1950, mu kuma muka samo kalmar bik. A 2005 kamfanin ya sanar da cewa ya sayar da guda biliyan 100. Da shi ɗalibi ke rubuta jarrabawa, da shi likita ke rubuta magani, da shi ɗan kasuwa ke rubuta bashi a kaye. Ban taɓa jin wanda ya faɗi jarrabawa don bik ɗinsa mai araha ne ba.

Gaskiya ne alƙalami mai shan tawada yana da abin da ya fi bik da shi. Tawadarsa mai ruwa-ruwa ce, tana bin ɗan tsagin da ke bakinsa ta sauka da kanta da zarar ya taɓa takarda, don haka ba sai ka danna ba. Wanda ke cika shafi goma a zama ɗaya zai ji bambancin a yatsunsa. Sai dai wannan sauƙin ana samunsa a alƙaluman ƴan makaranta masu bakin ƙarfe, waɗanda kuɗinsu bai wuce ƴan jikkuna ba. Hatta bakin zinariyar da ake taƙama da shi, ba zinariyar ce ke gogar takarda ba. A tsininsa ana liƙa ɗan ƙwayar ƙarfe mai tauri, irin wanda ake liƙa wa bakin ƙarfe, domin zinariya tana da laushi, da ita ke gugar da ta cinye. Dalilin amfani da ita tun asali shi ne tawadar zamanin da tana cin ƙarfe, zinariya kuwa ba ta tsatsa. A ƙasarmu ma akwai ƙarin matsala: iskar hunturu tana busar da tawada a baki, siririyar takardar kaye tana tsotse ta har ta ɓullo ta baya, rana kuma tana kashe launin shafen da ake yi wa masu tsadar. Idan rubutu kaɗai ake nema, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

To amma a cikin kuɗin akwai ladan hannu, kuma nan ne maganar ta fara nauyi. A Japan ana shafe alƙalami da ƙaron wata itaciya da suke kira urushi. Sai itaciyar ta shekara goma ko fiye kafin a tsage ta, abin da ake tatsa daga gare ta bai wuce cikin ƙaramin kofi ba, bayan nan a sare ta. Ɗanyen ƙaron yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Ba ya bushewa a rana kamar fenti, sai an sa shi cikin akwati mai laima. A shafa, a jira, a goge da gawayi, a sake shafawa, haka har sau da yawa, shi ya sa alƙalami ɗaya kan ɗauki watanni. Idan za a yi masa zane, mai sana'ar yana zana hoton da ƙaron ne, sannan ya barbaɗa garin zinariya kafin ya bushe. Kamfanin da Ryosuke Namiki ya kafa a 1918, wanda yau ake kira Pilot, ya tara irin waɗannan gwanaye tun farkon shekarun 1930, kuma har yanzu mai zanen yana sa hannunsa a jikin alƙalamin. Kamfanin Nakaya da aka kafa a 1999 ya tsayu ne da tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya daga masana'antar Platinum, don kada abin da suka sani ya bi su kabari.

Ranar 1 ga Janairun 2024 girgizar ƙasa ta afka wa garin Wajima, wanda ya yi suna a wannan shafe, wuraren aiki da dama suka rushe, gobara kuma ta cinye wasu. Sana'ar da ke hannun ƴan tsirarun mutane, yawancinsu dattawa, rana ɗaya tana iya girgiza ta. Idan babu mai biyan kuɗin watannin da aka yi ana shafawa ana gogewa, babu yaron da zai yarda ya zauna shekaru yana koyo. Wanda ya sayi irin wannan alƙalami ya biya ladan wani mutum ne, kuma ban ga abin zargi a biyan ma'aikaci ladansa cikakke ba.

Akwai kuma kaso na uku a cikin kuɗin, shi ne kuɗin suna. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Thorstein Veblen, ya yi bayaninsa tun 1899 a littafinsa kan rayuwar masu hannu da shuni. Ya ba da misali da cokalin azurfa na ƙirar hannu: bai fi cokalin inji iya ɗibar abinci ba, kuma da mai shi zai gano jabu ne, da rabin daɗin da yake ji ya gudu, alhali cokalin bai canza ba. Ashe abin da yake jin daɗinsa tsadar ce, da sanin cewa mutane sun san da tsadar. Alƙalamin Montblanc Meisterstück, wanda ya fara fitowa a 1924, yana da baki mai kyau da ake gamawa da hannu a birnin Hambug, wannan babu musu. Amma jikinsa roba ce mai sheƙi, kuma farin tauraron da ke kan murfinsa an sa shi a daidai wurin da zai leƙo daga aljihun riga. Duk wanda ya sayi kaya mai babban suna, a cikin kuɗinsa akwai na talla da na hayar kanti a unguwar attajirai.

Labarin da ya fi fito min da bambancin hannu da suna daga Indiya yake. A 1932 wani maƙeri mai suna K. V. Ratnam ya fara yin alƙalami da hannu a garin Rajahmundry, lokacin da Mahatma Gandhi ke kiran mutanensa su riƙa amfani da abin da aka yi a gida. Ya aika wa Gandhi guda, shi kuma ya rubuto masa wasiƙar godiya a 1935. Alƙaluman gidan Ratnam na roba mai tauri ne da ake sassaƙawa ɗaya bayan ɗaya, kuma na gama-garinsu malamin makaranta yana iya saye. Bayan shekara 74 da wannan wasiƙa, a 2009, Montblanc ya fitar da alƙalami mai hoton Gandhi guda 241, adadin milin da ya taka a tattakin gishiri na 1930, kowane ɗaya a kan fiye da dalar Amurka dubu 20. Kamfanin ya ba wata gidauniya da ke da alaƙa da iyalan Gandhi gudummawa, amma hakan bai hana mutane fusata ba. Magana ta kai babbar kotun jihar Kerala, kamfanin ya nemi afuwa, ya dakatar da sayarwa. Mutumin da ya rayu da ɗan gyauto da takalmin fata, aka sa sunansa a kan abin da manomin Indiya zai shekara da shekaru bai tara kuɗinsa ba. Dukansu biyu akwai aikin hannu a jikinsu, amma na Ratnam hannun kawai aka biya.

Mu ma bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba, domin alƙalamin da ya fi kowanne daɗewa a ƙasar Hausa na hannu ne. Almajiri yana yanko gamba, ya feƙe da aska, ya tsaga bakin kaɗan don tawada ta bi, daidai dabarar tsagin da ke bakin zinariya. Tawadar kuma gawayi ne da ƙaro. Da wannan kayan alaramma ke zama ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, ganye bayan ganye, a yi masa zayyana, baduku ya ɗinka masa gafaka. Alƙalamin kusan kyauta ne, abin da ya fito daga bakinsa kuwa ana gadonsa kaka da kakanni. Wannan ya isa ya tuna mana cewa darajar rubutu tana wurin mai rubutun da abin da ya rubuta.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke auna abubuwan nan biyu a kasuwancinmu na yau da kullum. Mutum zai shiga kanti mai sanyi ya ga farashi a manne jikin agogo ko turare mai sunan Turai, ya zaro kuɗi ya biya bai ce uffan ba, har yana jin kunyar neman ragi. Shi ɗin dai zai je wurin mai ɗinkin hannu da ya yi wata biyu a duƙe yana yi masa aska takwas a babbar riga, ko maƙerin azurfa na Agadas, ko badukun Damagaram, ya taya rabin kuɗi, a ce albarka, ya juya kamar zai tafi, har sai mai sana'a ya sallama saboda babu cefane a gida. A kantin ba mu tambayi ko nawa ya isa hannun ma'aikaci ba. A rumfar kuma ma'aikacin ne a gabanmu, muna kallon idanunsa da zare ya raunana, muna rage masa. Da bakinmu muke cewa araha ba ta ado, amma karin maganar ba ta zuwa mana sai a gaban kayan waje. Idan ɗan mai ɗinkin ya ƙi gadon allura ya koma kabu-kabu, da hannunmu a ciki.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan kewaye-kewaye ne: a ƙasar da wasu yara ke zuwa lakwal babu ko bik, wane irin ladan hannu zai halatta alƙalamin jika 650? Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Haƙƙoƙi suna da jeri. Wanda ake bi bashi, ko kuɗin makarantar ɗansa bai cika ba, ko ya san maƙwabcinsa ya kwana da yunwa ya kau da kai, ba shi da hurumin wannan saye, komai kyan zanen. Amma idan muka ce duk abin da ya wuce buƙata laifi ne, to shadda da turare da wayar da muke canzawa bayan shekara biyu ko uku duk sun shiga ciki. Alƙalami mai kyau kuwa ana wanke shi, a gyara bakinsa, a sake cika shi, ya yi shekara 50 yana aiki har ya kai ga jika. Ɗan Adam bai taɓa tsayawa a kan buƙata zalla ba. Shi ya sa ake yi wa ƙwarya zane, alhali fura ba ta san da shi ba. Son abu mai kyau halinmu ne, abin dubawa shi ne haƙƙin wa aka danne kafin a kai gare shi.

Saboda haka matsayina shi ne, alƙalami mai tsada ya cancanci kuɗinsa gwargwadon abin da ya isa hannun wanda ya yi shi, kuma ga mutumin da ya riga ya sauke nauyin da ke kansa. Abin da ya ƙaru a kan haka idon jama'a ake saye da shi. Akwai hanya mai sauƙi da mutum zai gane wanne yake nema. Ya tambayi kansa ko zai saye shi da an goge tambarin da ke kan murfin, kuma ko zai cika shi da tawada ya yi rubutu da shi cikin dare a ɗakinsa inda babu mai gani. Idan amsar i ce, Allah ya sa albarka, ya rubuta alheri da shi. Idan kuwa sai ranar taro yake fitowa a soke shi a aljihu, gara a kai kuɗin rumfar mai ɗinkin hannu na unguwa, a biya shi yadda ya faɗa ba tare da tayi ba, canjin kuma a sayi kwalin bik a kai makarantar da ke kusa.