Kujerar Mace a Majalisa: Kyauta Ce ko Biyan Bashi?

Duk wanda ya taɓa zagaya rumfunan zaɓe a garin Potiskum ya ga yadda mata kan yi dogon layi tun da sanyin safiya, wata da goyo, wata da sanda saboda tsufa, suna jiran su dangwala ƙuri'a. Amma da zarar an gama ƙidaya, aka shiga zauren da ake raba arzikin ƙasa, sai a nemi masu wannan layi a rasa. Tambayar da wannan maƙala ke son tattaunawa ita ce: idan aka keɓe wa mata wani kaso na kujerun mulki, kamar yadda ƙasashen duniya ke kira a yi, alfarma aka yi musu ko kuwa haƙƙinsu aka mayar musu?

Kiran dai ba sabo ba ne. A 1979 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kawar da wariya ga mata, Nijeriya kuma ta karɓe ta a 1985. Taron mata na duniya da aka yi a Beijin ta ƙasar Sin a 1995 ya ƙarfafa burin mata su riƙe kashi 30 cikin ɗari na muƙaman yanke shawara, sannan a 2006 Nijeriya ta ɗaukar wa kanta alkawarin kashi 35. Maƙwabciyarmu Nijar ta kafa dokar kaso tun 2000, Ruwanda kuwa mata sun haura kashi 60 a majalisarta a zaɓen 2013. A nan gida fa? A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurin keɓe wa mata kujeru, kuma majalisar da aka rantsar a 2023 sanatocinta mata ba su wuce 4 ba cikin 109.

Masu sukan kaso suna da hujjar da bai kamata a raina ba. Suna cewa zanen aro ba ya rufe katara: tsarin da aka tsara a wata nahiya ba lalle ne ya dace da mu ba, kuma wadda aka miƙa wa kujera a faranti ba za a ga girmanta kamar wadda ta sha rana ta ci zaɓe ba. Har ma suna iya kafa hujja da Yobe. A zaɓen 2023, daga cikin kujeru 6 da jihar ke da su a Majalisar Wakilai, mata sun ci 2: Hajiya Fatima Talba a mazaɓar Nangere da Potiskum, da Hajiya Khadija Bukar Abba Ibrahim a mazaɓar Damaturu, Gujba, Gulani da Tarmuwa. Wato kashi ɗaya bisa uku ke nan, fiye da abin da Beijin ta nema, ba tare da wata doka ta tilasta ba.

Sai dai mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, tseren ba a fara shi lokaci guda ba. Matan kudancin ƙasar nan sun fara jefa ƙuri'a tun a shekarun 1950, matan Arewa kuwa sai a 1976. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a ƙarƙashin tutar NEPU don neman wannan 'yanci. Wanda aka ɗaure wa ƙafa shekara ashirin, sannan aka kwance shi aka ce ya yi tsere da wanda ya riga ya yi nisa, ba a yi masa adalci ba, ko da alƙalin tseren ya rantse ba ya son kai. Ta wannan fuska kaso biyan bashi ne.

Na biyu, nasarar mutum biyu ba ta nuna ƙofa a buɗe take ga kowa. Hajiya Khadija 'yar Alhaji Waziri Ibrahim ce, ɗan takarar shugaban ƙasa a 1979, ta tashi a gidan siyasa da ilimi. Wannan bai rage mata ƙwazo ba, amma ya kamata mu tambayi kanmu: malamar firamare a Mamudo, ko mai sayar da hatsi a kasuwar Potiskum, ina za ta samo kuɗin fom? Wa zai tare mata harshen 'yan gari, waɗanda ke jifan duk macen da ta hau mumbarin siyasa da sunan da ba ya faɗuwa?

A nan ne iyakar taimakon waje take. Ƙungiyoyin duniya na iya shirya bita a otal, su horar da 'yan takara, amma ba za su iya tura yarinyar ƙauye makaranta a madadin mahaifinta ba, balle su cire tsoron da sace 'yan mata 110 a Dapchi a 2018 ya dasa a zukatan iyaye. Kaso ba tare da ilimi ba zai ƙare ne a hannun gidajen da dama suke da kujerun. Mu kuwa muna da abin koyi na gida. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta jira taron wata ƙasa ba kafin ta naɗa jajis, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata. A daular Borno kuma, Magira tana da faɗa a ji a fada.

A taƙaice, ra'ayina shi ne a karɓi kason, domin bashi ne, mai biyan bashi kuwa ba ya gori. Amma sauran bashin yana wuyanmu, mu iyaye da malamai da ɗalibai. Ranar da 'yar talaka daga Nangere za ta tsaya takara, maƙwabtanta su auna ta da aikinta kaɗai, ranar ce za mu ce mun sauke nauyi. Allah Ya nuna mana.